Shaidar Matasan Katsina da Aikin da Ya Hau Kan Daura

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka tasa ƙeyar ɗaruruwan ɗalibai zuwa daji. A ranar ce marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka Daura domin hutawa, shi ya sa a wannan makon duk inda aka ambaci Ƙanƙara a labaran duniya sai an haɗa da Daura, ko da yake tsakaninsu akwai tafiya. Bayan kwana shida hukuma ta ba da sanarwar an sako yara 344. Daga nan kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Gwamnati ta ce ba ta biya ko sisi ba. Shugaban Boko Haram na lokacin, Abubakar Shekau, ya saki murya yana cewa aikin mutanensa ne. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci harin, ya miƙa makamansa a Gusau a farkon 2021, ya zauna da 'yan jarida ya zayyana dalilansa, sannan ya koma daji aka kashe shi a can. Su kuwa yaran da suka taka ƙaya da ƙafafunsu, suka kwana da yunwa, suka sha duka, abin da jama'a suka ji daga bakinsu bai wuce gutsattsarin hira da aka tsinta a guje ba, ranar da aka kawo su gidan gwamnati a Katsina suna a galabaice, jami'ai na tsaye a kansu. Mutum ɗari uku da wani abu sun ga abu guda da idonsu, amma labarin da ya zauna a kunnen mutane na wanda ya sace su ne da na waɗanda suka karɓo su.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma ba marubuta kaɗai ya kamata ya dama ba. Fiye da shekara goma ke nan ana zubar da jini a yammaci da kudancin Jihar Katsina, daga Jibiya, Batsari da Safana har zuwa Ɗanmusa, Faskari da Sabuwa. Yaron da aka raɗa wa suna a ƙasar Faskari a 2014, shekarar da aka yi wa ƙauyukan yankin kisan gilla a watan Maris, yanzu ya isa shiga sakandare, kuma bai taɓa sanin wani zamani da ake kwanciya barci ba tare da kasa kunne ba. Akwai masu ƙyamar a kira wannan hali yaƙi. To amma inda jiragen sama suke luguden wuta, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, dubban iyalai suka tsallaka Jihar Maraɗi gudun hijira, gwamnatin tarayya da kanta ta ayyana maharan a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022, gardama a kan suna ɓata lokaci ne. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, abin da matasan yankunan nan suka gani shaida ce da darajarta ba ta gaza ta kowace takardar hukuma ba, kuma kullum lalacewa take yi. Ya kamata a tattara ta a rubuce da harshen masu ita, a ajiye ta inda ba za ta salwanta ba. A duk faɗin jihar kuwa, babu inda ya dace da wannan aiki kamar Daura.

Ba wai matasan sun yi shiru ba ne. Duk mai waya ya san yadda abin yake: da an kai hari, kafin 'yan sanda su fitar da sanarwa wani saurayi ya riga ya jera sunayen mamatan garinsu a Facebook, wata budurwa ta tura murya a WhatsApp tana roƙon a taimaka da kuɗin fansar mahaifinta, wani ya tsara baitoci yana ta'aziyyar abokin karatunsa. Marubutan da ke sakin littattafansu kashi-kashi a intanet sun fara shigo da garkuwa da mutane cikin labaran soyayyarsu, domin abin ya shiga gidan kowa. Lokacin da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, “Sansani” na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. A 2022 wani matashi ɗan Zamfara, Yusuf Anka, ya ɗauki kyamara ya shiga har wurin shugabannin daji, duniya ta kalli abin da ya gano. Hazaƙa akwai ta, ƙarfin hali ma akwai. Matsalar ita ce inda ake zuba rubutun. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko a sayar da ita don a sayi kwanon masara. Shafi yakan rufe. Saƙon murya yakan goge idan wuri ya cika. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka shafe kusan wata uku a haka. Ko da dalilin tsaro ne, sakamakonsa shi ne a daidai wuraren da wuta ta fi ci, a nan ne muryar jama'a ta ɗauke gaba ɗaya. Masu maganar da ke daɗewa a rumbun ajiya biyu ne: hukuma da alkalumanta na cewa an hallaka 'yan bindiga da dama an ƙwato babura, da kuma 'yan bindigar kansu, irin su Bello Turji mai fitar da bidiyo yana jawabi kamar mai riƙe da ƙasa, da yaransu masu baje damman kuɗi a TikTok. Idan aka ci gaba a haka, ɗalibin tarihi na shekara hamsin masu zuwa waɗannan biyun zai tarar.

Wani zai ce, me yaro zai faɗa wanda manya ba su sani ba? Amsar tana cikin labarin Chibok. An sace 'yan mata 276 a Afrilun 2014, aka shekara uku masana tsaro suna sharhi a kan yadda Boko Haram ta daɗe tana kitsa harin. Ashe a can cikin daji wasu daga cikin 'yan matan, ciki har da Naomi Adamu da Sarah Samuel, suna rubuta abin da ke faruwa a littattafan makaranta da aka raba musu domin darasi. An kama wasu littattafan an ƙone, amma Naomi ta ɓoye guda biyu a jikinta har ta fito da su lokacin da aka sako ta a Mayun 2017. Da 'yar jarida Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da abin da ke ciki, sai aka ga maharan ba don 'yan mata suka je makarantar ba. Wani inji suka je nema, suka tarar da ɗalibai, suka tsaya suna musu a tsakaninsu a kan yadda za su yi da su. Wannan bayani ya sauya fahimtar duniya game da ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka faru a Nijeriya a ƙarnin nan, kuma ba daga ofishin leƙen asiri ya fito ba. Gani ya kori ji. Yaron da aka tsare wata biyu a dajin Rugu ya san wanda ke kawo wa masu tsaronsa burodi da fetur, ya san lokacin da suke sauya sansani, ya san shekarun yaran da ke riƙe da bindiga a kansa da abin da suke faɗa idan manyansu ba sa nan. Yarinyar da ke talla a garin da aka ɗora wa harajin noma ta san yadda ake karɓar kuɗin gida-gida da wanda ake bai wa ya kai. Babban mutum yakan auna maganarsa da abin da zai biyo baya, yaro kuwa yakan riƙe ƙananan abubuwan da babba ya raina, su ne kuma sukan bayyana yadda al'amari yake tafiya.

Ƙasar nan tamu ta taɓa ganin irin wannan, shaidar ma daga maƙwabtan Daura ta fito. A wajajen 1850 wani yaro mai suna Dorugu yana zaune da iyayensa a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, arewa da Daura, cikin Nijar ta yau. Mahara suka tafi da mahaifiyarsa, daga baya shi ma aka kama shi, aka kai shi Damagaram, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, daga nan zuwa Ingila a 1855. Yana ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, daga baya ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dubban yara aka kwasa a hare-haren wancan zamani tsakanin Daura, Damagaram da Barno. Muryar guda ɗaya ce ta iso mu dalla-dalla, ita ma don ƙaddara ta haɗa mai ita da wanda ke da alƙalami da sha'awar saurare. Haka abin yake ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954: daga bakinta ne aka ji yadda mahara suke kama matan gida, da yadda dangi suke haɗa dukiya su je fansa, abin da duk mutumin Batsari na yau zai karanta ya ce ai jiya aka yi.

Ita kanta Daura ta shafe kusan shekara ɗari cikin tashin hankali. A wajajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa Zango da Ɓaure suna zaune a inuwar Damagaram, sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka mai da gidan kan gadonsa ta hannun Malam Musa. Wanda ya buɗe littafin M. G. Smith, The Affairs of Daura na 1978, zai sami jerin sarakuna da sarautu da wanda ya ci wa, an tsara su da ƙwarewa. Abin da ba zai samu ba shi ne yadda ɗan talaka mai shekara goma sha biyu ya ji ranar da aka ce a kwashe a gudu daga gona, domin lokacin da aka zo tambaya masu wannan amsar sun daɗe a ƙasa, kuma fada aka fi tambaya. Ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 haka ya wuce mu. Samarin Arewa da yawa sun je fagen fama, ciki har da shi Buhari yana ƙaramin hafsa ɗan shekara ashirin da 'yan kai, amma yawancinsu sun tafi da labarinsu kabari, yayin da Chinua Achebe da Chimamanda Adichie da wasunsu suka rubuta yadda yaƙin ya kasance a ɗaya ɓangaren, duniya kuma ta haddace shi ta fuskarsu. Ba laifinsu ba ne. Sun rubuta, mu ba mu rubuta ba.

Dalilin da ya sa na ce Daura shi ne, irin wannan aiki yana bukatar wurin da ke kusa da wutar amma ba a cikinta ba. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Ɓaure, ba su ga irin ƙone-ƙonen da yammacin jihar ya gani ba. Amma kuma ba baƙi ba ne ga tsoro. Ranar 1 ga Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Samarin Mai'aduwa da Kwangwalam, waɗanda abincinsu ke rataye da iyaka, sun ga an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka shafe makonni suna jin ƙungiyar ECOWAS tana maganar tura soja a kan mutanen da suke 'yan'uwansu na jini. Su ma suna da abin rubutawa. Ga kuma makarantu: Kwalejin Yusufu Bala Usman, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Jami'ar Sufuri ta Tarayya, inda ɗalibai daga sassan jihar da ma wajenta suke haɗuwa. Ta farkon tana ɗauke da sunan masanin tarihin da ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ba a gina tarihi a kan ji-ta-ji-ta sai a kan hujja da aka tantance. Zai zama abin kunya a ce sunan kawai aka ɗauka. Sama da duka akwai fadar Mai Martaba Sarkin Daura, wadda kiranta yake da nauyin da na ɗan siyasa ba shi da shi. Kiran babba yana sa yaro ya ɗauki abin da ke hannunsa da muhimmanci. A Maris na 1944 wani ministan ƙasar Holan da ke gudun hijira a Landan, Gerrit Bolkestein, ya yi jawabi a rediyo yana roƙon mutanen ƙasarsa su adana wasiƙu da littattafan da suke rubuta al'amuransu na yau da kullum, domin za a tattara su bayan yaƙi. Wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ke ɓoye da iyayenta a Amsterdam ta ji shi, ta koma ta fara gyara rubutunta da niyyar wata rana a karanta. Anne Frank ke nan. Ba ta tsira ba, amma littafinta ya fito a 1947, kuma har yau da shi miliyoyin mutane suke fahimtar abin da alkaluma suka kasa fahimtar da su.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan wannan shawara ita ce haɗari, kuma ba a raina ta. A ƙauyukan da abin ya shafa kowa yana tsoron infoma, wanda zai iya zama maƙwabci ko ɗan'uwa. Yaron da ya rubuta cewa ya gane fuskar wane a sansani ya saka kansa da gidansu a bakin bindiga, idan kuma kuskure ya yi ya saka marar laifi a hannun 'yan sa-kai. Malala Yousafzai ta fara rubuta wa BBC labarin kwarin Swat a 2009 da sunan aro, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Da sunanta na gaskiya ya bayyana ta yi fice, a 2012 aka harbe ta a ka. Haɗarin kuma ba daga daji kaɗai yake fitowa ba. A Yunin 2020, bayan zanga-zangar lumana a Katsina kan kashe-kashe, an tsare Nastura Ashir Sharif na Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa na wasu kwanaki. A Agustan 2022 hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne, amma idan aka duba da kyau, goyon bayan shawarar yake yi. A yanzu matasan suna rubutawa ne a fili, da sunansu da hotonsu da sunan garinsu, a dandalin da ɗan bindiga da jami'in tsaro duk suke leƙawa. Ajiya daban take da wallafawa. Ana iya karɓar shaida a cire sunan mai ita da na ƙauyensa, a ba ta lamba, a rufe wadda ta ambaci mutane na tsawon shekaru, a fitar da wadda ba ta da haɗari kawai. Wanda ya damu da lafiyar yaran nan, hanyar da ta fi ita ce ya samar musu inda za su faɗi gaskiya ba tare da sun tallata kansu ba.

Akwai kuma masu cewa al'adarmu da addininmu sun hore mu da haƙuri da rufin asiri, tone-tone kuwa fama ciwo ne. Wannan magana ta fi nauyi a kan 'yan mata. Wadda aka tsare a daji ta dawo, abin da iyayenta suke fata shi ne mutane su manta, ta sami miji, kuma ba wanda ke da ikon ya zarge su. Saboda haka sharaɗin farko shi ne yarda: ba a tilasta kowa, ba a tsayar da yarinya gaban aji a ce ta ba da labari, mace ce ke sauraron mace, mai shaida kuma tana da ikon ta ce a tsaya ko a mayar mata da abinta. Amma a ce shiru shi ne addini, wannan bai dace da tarihinmu ba. Nana Asma'u tana 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yunwa da ƙaura da mutuwar dangi a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, kuma da ta girma ta tsara tarihin wannan zamani a waƙe domin mata da yara su sani. Ba wanda ya ce ta rasa tawakkali. Haƙuri da ƙaddara abu ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ɓoye shaidar zalunci kuwa abu ne da shari'a ta yi hani da shi. Sannan mu daina yaudarar kanmu cewa yaron da bai yi magana ba ya manta. Malaman makaranta a garuruwan da ke karɓar 'yan gudun hijira sun fi kowa sanin yadda abin da aka haɗiye yake fitowa ta wata hanya, ta firgita cikin dare, ta faɗa, ta ƙwaya.

Sai batun gaskiyar abin da za a rubuta. Yaro yakan rikita kwanan wata, yakan haɗa abin da ya gani da abin da ya ji, wani ma yakan ƙara gishiri. Ishmael Beah na Saliyo, wanda littafinsa na 2007 kan zamansa yaron soja ya zagaya duniya, ya sha tuhuma daga 'yan jarida a kan shekarun da ya ambata. Maganin wannan ba baƙo ba ne ga mutanen da suka gaji ilmin hadisi: a rubuta wa ya faɗa, a ina yake lokacin, da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi, sannan a gwada ruwaya da ruwaya. Shaida ɗaya tana iya karkacewa, amma ɗari daga gari guda sukan gyara juna. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne a tattara muryar ɓangare ɗaya. Yaƙin nan yana neman ya koma gaba tsakanin Hausawa da Fulani, mutanen da suka haɗa jini da masallaci shekaru aru-aru. Yaron ruga da 'yan sa-kai suka kashe mahaifinsa a kasuwa ba tare da bincike ba, wanda ɓarayin daji suka kwashe shanun gidansu tun kafin su taɓa na kowa, shi ma yaron wannan yaƙi ne. Haka wanda aka ba bindiga yana ɗan shekara goma sha uku. Binciken da Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar a 2021 ya nuna yadda rikicin ya tsiro daga ƙwace burtali da makiyaya, rashin adalci a hannun alƙalai da jami'ai, da ramuwar gayya, kafin ya zama sana'a. Sauraron wannan yaron ba wanke laifin kowa ba ne. Rumbun da ya ƙunshi kukan ƙauye kaɗai, ko na ruga kaɗai, makamin gaba zai zama ga 'yan baya. A 2025 al'ummomi a Jibiya, Batsari, Ɗanmusa da wasu wurare sun zauna sulhu da 'yan bindiga, kamar yadda gwamnatin Masari ta gwada a 2019 abin ya wargaje. Manya ne suke zama a irin wannan taro, amma waɗanda za su rayu da sakamakonsa shekara arba'in masu zuwa ba a tambaye su abin da suka rasa ba, balle abin da za su iya yafewa.

Mai cewa a fara ba su abinci tukuna yana da gaskiya, domin ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata shida na farkon 2025. Sai dai littafin rubutu da biro da na'urar ɗaukar murya ba su ne za su cinye kuɗin abinci ba. Abin da ake kashewa a taron siyasa guda ya isa aikin shekara. Kuma ranar da za a zo maganar diyya, ko mayar da mutane gonakinsu, ko tantance marayu, wanda ke da rubutacciyar shaida shi zai sami abin riƙewa.

Aikin ba ya bukatar sabuwar hukuma mai shugaba da motoci. A Gaza malamin jami'a guda, Refaat Alareer, shi ya tara gajerun labaran ɗalibansa ya fitar da su littafi a 2014. An kashe shi a harin Isra'ila a Disambar 2023, amma rubutun yaran yana nan. Malaman Hausa da na tarihi a makarantun Daura za su iya farawa da ɗaliban da ke gabansu waɗanda suka fito daga yankunan da abin ya shafa, su koya musu yadda ake yin tambaya ba tare da sanya wa mutum magana a baki ba, su kuma in sun je hutu su saurari ƙannensu da maƙwabtansu. A karɓa da boko, a karɓa da ajami domin almajirai, a karɓa da Fulatanci, wanda bai iya rubutu ba a ɗauki muryarsa a kwafe ta yadda ya faɗa, ba tare da an gyara masa Hausa ta koma ta rediyo ba. A yi kwafi uku, ɗaya a Daura, ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna, don kada gobara ko canjin gwamnati ya tafi da komai. Abu ɗaya da bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne takardar da ke haɗa lamba da sunan mai shaida. Kada ta shiga hannun gwamna, ko ɗan majalisa, ko jami'in tsaro, komai kyan niyyarsa, domin kujera tana sauya mai zama. A damƙa ta ga amintattu kaɗan da masarauta da malaman makarantun za su zaɓa, a rubuta ƙa'idar buɗe ta tun kafin a karɓi shaidar farko, a kuma karanta wa kowane yaro da waliyyinsa wannan ƙa'ida kafin ya buɗe baki.